Uwar Da Ta Mai Da Gidanta Makaranta: Labarin Susana Wesley

Kafin a shiga wannan darasi, ya kamata a karanta 2 Timothawus 1:3-7, da Titus 2:3-5.

A nan Bena, da sauran garuruwan ƙasar Zuru, idan wata tsohuwa ta cikin ekklesiya ta rasu, a kan sa ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya tashi ya karanta tarihinta kafin a tafi makabarta. Sau da yawa na zauna ina ji. A kan faɗi shekarar da aka haife ta, idan an sani, da shekarar baftismarta, da yawan 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne. Idan malama ce, a kan lissafta makarantun da ta zauna. Sa'an nan a ce ta riƙe ma'aji a Zumuntar Mata shekara kaza. Kafin minti biyar an gama. Amma abin da ta yi da asuba da dare cikin gidanta, inda ba mai gani sai yara, ba safai ya kan shiga takardar ba, gama ba wanda ya rubuta shi.

Haka ya ke cikin karatunmu na yau. Bulus ya tuna da Lois kakar Timothawus, da Afniki uwarsa, ya shaida bangaskiyarsu. Daga baya cikin wasiƙar ya ce tun Timothawus yana jariri ya san Littattafai masu tsarki. Amma yadda matan nan biyu suka koya masa, da wane lokaci, da wace dabara, ba a faɗa mana ba.

Akwai wata mace wadda aikinta na cikin gida bai ɓace haka ba, domin ta rubuta wasiƙu da yawa, 'ya'yanta kuwa suka adana su. Sunanta Susana Wesley, uwar John Wesley da Charles Wesley. Baturiya ce, ta rasu tun shekara ta 1742. Duk da haka matan ƙasarmu za su gane ta nan da nan. Matar fasto ce a ƙauye. Ta san bashi, ta san gobara, ta san binne jarirai, ta san maƙwabta masu ƙiyayya.

Autar gidan mai wa'azi

An haife ta a Landan ran 20 ga Janairu, 1669. Ita ce auta cikin 'ya'ya 25 na Samuel Annesley, wani mashahurin mai wa'azi. A shekara ta 1662 gwamnatin Ingila ta kafa doka, ta ce kowane limamin ekklesiya sai ya bi littafin addu'a guda ɗaya. Wajen mutum 2,000 suka ƙi, aka fitar da su daga aikinsu, ubanta yana cikinsu. Cikin wannan gida na littattafai da gardamar addini ta girma. Tun ba ta cika shekara 13 ba ta auna maganar sassan biyu da kanta, ta bar ƙungiyar ubanta, ta koma ekklesiyar Ingila, watau wadda ta kore shi. Uban bai kore ta daga gida ba, ƙauna kuwa ba ta yanke tsakaninsu ba. Mai karatu ya riƙe wannan hali nata, gama za mu sāke gamuwa da shi.

A watan Nuwamba, 1688, ta auri Samuel Wesley, tana da shekara 19. Wajen 1697 suka koma wani gari mai suna Epworth, ƙasar fadama da laka, nesa da manyan birane. Can mijinta ya yi aikin fasto har mutuwarsa. Ta haifi 'ya'ya 19. Tara suka mutu tun suna jarirai. Goma suka girma, maza uku da mata bakwai.

Samuel mutum ne mai ilimi da himma, amma ba ya iya riƙe kuɗi, yana kuma da saurin fushi. Shekaru da yawa ya ɓatar, da kuɗi mai yawa, wajen rubuta wani babban littafi a kan Ayuba. Harshe da haƙori ma su kan saɓa, amma saɓanin da ya shiga tsakaninsu a 1702 ya yi tsanani. Wata rana ya lura matarsa ba ta amsa Amin ba sa'ad da ya yi addu'a domin Sarki William. Ita a ganinta ba shi ne sarki na halal ba, gama an kori Sarki James ne a 1688 aka naɗa shi. Samuel ya rantse, ya ce tun da sarkinsu biyu ne, to, gadonsu ma biyu ne. Ya hau doki ya bar gida. Ba ta janye maganarta ba, domin ta ce ba za ta faɗa wa Allah abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Sarki William ya mutu a watan Maris na shekaran nan. A watan Yuli wuta ta ci wani sashi na gidan, Samuel ya komo ya zauna. A watan Yuni, 1703, aka haifi John. Ku duba fa, da rantsuwar fushi ta tsaya, da ba a haifi John Wesley ba, balle Charles ƙanensa wanda ya zo a 1707.

Shekara ta 1705 ta fi wannan ɗaci. Aka yi zaɓe, mutanen gari suka ji haushin wanda faston ya goyi bayansa. Suka kwana suna harbe-harbe da buga ganguna a ƙofar gidan, Susana kuwa ba ta daɗe da haihuwa ba. Matar da ke renon jaririn ta rasa barci, da gari ya waye barci ya kwashe ta, ta danne shi, ya mutu. Aka sassari shanunsu da dare. Ba a jima ba wani da ke bin Samuel bashin da bai kai fam 30 ba ya sa aka kama shi, aka kulle shi a kurkukun Lincoln wajen wata uku. Susana ta tuɓe zobbanta ta aika masa domin ya sami abinci, shi kuwa ya mayar mata. Babban bishop na York ya tambaye ta ko sun taɓa rasa abinci. Ta amsa masa da gaskiya, ta ce ba su taɓa rasawa ɗungum ba, amma wahalar nemansa kafin a ci, da wahalar biyan bashinsa bayan an ci, ta kusa daidai da rashin. Ina tsammani akwai matan fastoci da na masu bishara a ƙauyukanmu da za su ce wannan magana tasu ce.

Makarantar sa'a shida

Cikin wannan hali ne ta buɗe makaranta a gidanta, ta riƙe ta wajen shekara 20. Mun san tsarinta domin John ya roƙe ta ta rubuta masa, ta kuwa rubuta cikin wata doguwar wasiƙa ran 24 ga Yuli, 1732.

Ba ta fara wa yaro karatu sai ya cika shekara biyar. Ana gobe zai fara, sai a kintsa gida, a ba kowa aikinsa, a gargaɗi kowa kada ya shiga ɗakin karatu daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5. Ranar fari duka ta baƙaƙe ce, manya da ƙanana. Dukan yaran da ta fara wa haka suka san su cikin yini guda, sai 'yan mata biyu da suka kai yini da rabi. Ta ce a lokacin ta ɗauka su daƙiƙai ne, amma da ta ga yadda 'ya'yan mutane su ke daɗewa a kan baƙaƙe, sai ta sāke tunani. Da yaro ya san baƙaƙe, sai a buɗe masa sura ta fari ta Littafin Farawa. Ya haɗa baƙaƙen aya ta ɗaya, ya maimaita har ya iya karanta ta ba tuntuɓe, kāna ya wuce ta biyu. Ba a barin darasi sai an iya shi sarai. An ba da labari wata rana mijinta ya zauna yana ji, ya ƙirga ta faɗa wa yaro abu ɗaya har sau 20. Ya yi mamakin haƙurinta. Ta ce masa da ta tsaya a na 19, da duk wahalarta ta zama banza.

Ba ta da allo na bango, ba ta da takardar shaidar koyarwa. Abin da ta ke da shi, lokaci ne tsayayye wanda ba a taɓa shi, da littafi guda, da naciya. Waɗanda suka ga zamanin Yaƙi da Jahilci a ƙasar Arewa sun san mutane da yawa sun koyi karatu da abin da bai fi wannan ba.

Ta kafa wa gidan waɗansu dokoki, uku daga cikinsu sun isa a tsaya a kansu. Ta lura tsoron dūka shi ke sa yara ƙarya, har ƙarya ta zama musu jiki. Saboda haka ta ce duk yaron da ya yi laifi, idan ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin gyarawa, ba za a dūke shi ba. Ba a kuma hukunta yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a yi masa gori da shi bayan ya gyara. 'Yan'uwa, mu nawa ne mu kan ce wa yaro, faɗi gaskiya ba zan taɓa ka ba, da ya faɗa sai mu ɗauko tsumagiya? Ran nan mun koya masa abu biyu, cewa gaskiya ba ta da riba, da cewa maganar babba ba abin dogara ba ce.

Ta biyu, alkawari da kyauta. Abin da aka ba yaro ya zama nasa, ba a karɓewa. Ba wanda zai taɓa kayan ɗan'uwansa ba da izni ba, ko da allura ce. Ni a ganina wannan ya shafi tunkiya ko kazar da mu kan ce ta yaro ce, ran kasuwa kuwa mu sayar ba mu ko gaya masa ba.

Ta uku ita ce ta 'ya'ya mata. Ta ce ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Dalilinta shi ne, sa yara mata aikin hannu tun ba su iya karatu ba, shi ya sa mata kaɗan ne ke iya karatu yadda za a saurara. An rubuta wannan kusan shekara 300 da suka wuce. A wurinmu ba ɗinki ba ne, talla ce, da ɗiban ruwa, da goyon ƙane, da tsaron tsuntsaye a gona. Yarinya ta fi kowa amfani a gida, don haka ita a kan fara cirewa daga aji. Sa'an nan bayan shekara 20 a taru a Zumuntar Mata a rasa mai karanta aya.

Akwai abin da ban yarda da ita a kai ba, ba kuwa zan ɓoye ba. Ta ce tun yaro yana shekara guda a kan koya masa tsoron bulala, da yin kuka a hankali. Ta gaskata cewa aikin fari shi ne a karya taurin kan yaro tun da wuri. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Amma ɗan shekara guda bai san laifi ba, kukansa shi ne bakinsa. Bulus ya gargaɗi iyaye cikin Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Mu ɗauki naciyarta da adalcinta, wannan kuwa mu bar mata, gama ita ma 'yar zamaninta ce.

Wuta, da abin da ya biyo baya

Daren 9 ga Fabrairu, 1709, wuta ta kama gidan duka. Susana tana da ciki wata takwas. Ta ratsa ta cikin harshen wuta ta fita, ta ƙuna a hannu da fuska. Da aka ƙirga yara a waje, sai aka ga babu John, yana da shekara biyar. Uban ya yi ƙoƙarin hawa, matakala ta riga ta kama. Sai aka hangi yaron a tagar bene. Wani mutum ya tsaya jikin bango, wani ya hau kafaɗarsa ya fizgo shi, nan take rufin ya rufta. Har tsufansa John ya kan kira kansa da kwatancin nan na Zakariya 3:2, na itacen da aka fizge daga wuta. Littattafai da takardu duka suka ƙone, har da waɗanda ubanta ya bar mata.

Kowa ya san wannan labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami yaran daga baya. Da ya ke babu wurin kwana, aka rarraba su gidajen dangi da maƙwabta har aka sāke gini. Da suka komo, uwar ta tarar sun canza. Sun koyi waƙoƙin banza da maganganun da ba su sani ba dā, sun daina kiyaye ranar Lahadi, ladabinsu ya ragu. Ba ta zauna tana zargin waɗanda suka riƙe su ba. Ta sāke kafa makarantar, ta ƙara abu biyu. A kan buɗe karatu da waƙar Zabura, a rufe da ita. Da ƙarfe 5 na yamma kuma babban yaro ya kan ɗauki ƙaramin da ya iya magana, mai bi masa ya ɗauki na biye, su keɓe biyu biyu su karanta Zabura da sura guda ta Sabon Alkawari. Da safe kuma haka, da sura ta Tsohon Alkawari.

Wannan sashi ya taɓa mu ƙwarai. A shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Danko da Wasagu, mutane suka bar gonakinsu suka taru a manyan garuruwa. An kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri a watan Yuni, 2021, an kuma kwashe 'yan mata a Maga a watan Nuwamba, 2025. Duk lokacin da irin wannan ya faru, a kan rufe makarantu, iyaye kuma su ji tsoron aika yara. Iyali ɗaya ya kan rabu uku, wannan yana wurin kawu, wancan yana wurin gwaggo. Yaron da ya yi shekara biyu ba aji, da wuya ya koma. Ba ni da ikon buɗe makarantar da aka rufe, ku ma haka. Amma gidan da ke da yaro ɗaya mai karatu, da Littafi guda, yana da abin da Susana ta sāke farawa da shi bayan gobara. Ta gane uwa ɗaya ba ta isa yara takwas ba, sai ta mai da manyan su zama malaman ƙanana.

Ta kuma keɓe wa kowane yaro darensa, su zauna su biyu kaɗai ta tambaye shi lafiyar ransa. Litinin na wannan, Talata na waccan, Alhamis na John, Asabar na Charles, Lahadi na manyan 'yan mata biyu. Bayan shekara 20, John yana malami a jami'ar Oksfod, ya rubuto mata yana roƙo ta riƙa tunawa da shi a wannan lokaci na daren Alhamis. Ga waɗanda suka yi nisa kuma ta kan rubuta. Ta rubuta wa 'yarta bayanin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, ta kuma yi bayanin Dokoki Goma. An tattara rubuce-rubucenta duka an buga su cikin littafi guda a 1997.

Sujada a ɗakin girki

A ƙarshen 1711 Samuel ya tafi Landan wurin babban taron limaman ekklesiyar Ingila, ya yi watanni. Ya bar wani mataimaki mai suna Inman, wanda kusan kullum wa'azinsa a kan biyan bashi ne. A lokacin 'yarta ta samo wani ɗan littafi cikin kayan uban, mai ba da labarin masu bishara biyu da sarkin Danmak ya aika kudancin Indiya, suka sauka a 1706. Labarin ya kama zuciyar Susana kwana da kwanaki. Ta ce ko da ya ke ita ba namiji ba ce, ba kuwa mai wa'azi ba, lalle akwai abin da za ta iya yi fiye da dā, za ta kuwa fara da 'ya'yanta.

Ran Lahadi da yamma sai ta tara yara da barori, su yi waƙar Zabura, ta karanta addu'a da wa'azi guda daga littattafan mijinta. Wani yaron gida ya gaya wa iyayensa, suka roƙa a bar su su zo. Su kuma suka gaya wa waɗansu. Daga 30 zuwa 40, har aka wuce mutum 200, waɗansu suna komawa don rashin wurin tsayawa. A dā masu zuwa sujadar yamma ba su wuce 20 ko 25 ba.

Inman ya ji haushi, ya kai ƙara wurin Samuel, ya ce matarsa tana taron da doka ta hana. Samuel ya rubuto mata da dalilai uku: abin zai zama abin magana, ita mace ce, shi kuma mutum ne mai matsayi. Ta amsa cikin wasiƙu biyu a watan Fabrairu, 1712. Ta ce gaskiya ne ita mace ce, amma ita ce uwar babban gida, idan ba ya nan kuwa kowane rai da ya bari hannunta amana ce da Ubangiji zai tambaye ta. Ya ce to, a sa wani namiji ya karanta. Ta ce ba namiji cikinsu da zai karanta wa'azi ba tare da ya tsaya yana haɗa baƙaƙe ba. Ba ta ɓoye damuwarta ba, ta ce ita kanta ba ta sake ba da ta ja addu'a gaban jama'a, ta so ta sallame su kafin addu'a, suka roƙa a bar su. Sa'an nan ta nuna masa amfanin da aka samu. Iyalan da ba su zuwa sujada sun fara zuwa, har da wani da ya shekara bakwai bai taka ƙofar ɗakin sujada ba. Mutanen garin da suka ƙi gidan fasto, yanzu suna zaman lafiya da su.

Ƙarshen wasiƙarta shi ne wurin da ya kamata dattawan ekklesiya su yi tunani a kai. Ta ce idan ya ga lalle a daina, kada ya ce mata yana so ta daina, gama wannan ba zai kwantar da lamirinta ba. Sai ya ba ta umarni a fili, da kalmomin da za su ɗauke mata alhakin rayukan nan ranar da shi da ita za su tsaya gaban kursiyin shari'a na Almasihu. Watau a shirye ta ke ta yi biyayya, amma wanda ya hana, shi zai ɗauki kayan. Samuel bai aiko da umarnin ba. Taron ya ci gaba har ya komo.

Ba ta kafa wata ekklesiya ba, ba ta hau bagadi ba, ba ta sa taronta lokacin sujadar safe ba. Ta yi kamar Biriskilla cikin Ayyukan Manzanni 18, wadda ita da mijinta suka jawo Afollos gefe suka ƙara masa haske. A ƙauyukanmu da yawa inda fasto ya tashi, ko mai bishara ɗaya ke zagaya wurare huɗu, mun san su wa ke buɗe ɗakin sujada su share, su tara yara, su ja waƙa. Kafin dattijo ya ce musu su bari, ya tambayi kansa ko zai iya sa hannu a irin takardar da Susana ta nema.

John yana da shekara takwas yana zaune cikin taron nan. Bayan shekara wajen 30, wani saurayi mai suna Thomas Maxfield, wanda ba a naɗa ba, ya fara wa'azi a Landan. John ya komo da sauri don ya hana shi. Uwar ta ce masa ya yi hankali, gama a ganinta Allah ya kira saurayin nan kamar yadda ya kira shi, ya je ya saurara tukuna ya duba amfanin. Ya saurara, ya bar shi. Masu wa'azi waɗanda ba limamai ba kuwa su ne suka zama ƙafafun aikin Methodist. Aikin ya iso Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman. Mu ma a nan igiyar ta taɓa mu. Ekklesiyar Amurka da Kanada wadda ta aiko A. W. Banfield ya kafa aiki a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905, wadda kuma ma'aikatanta suka zauna Zuru a 1925, koyarwar John Wesley a kan tsarkin rai ta shige ta ƙwarai. Daga wannan aiki ne UMCA ta fito.

Abin da ba a karantawa a jana'iza

Kada wani ya ɗauka duk abin da ta shuka ya yi kyau. 'Ya'yanta maza uku sun tafi manyan makarantu har Oksfod. Matan bakwai, masu kaifin hankali kamar 'yan'uwansu, ba su sami kome ba bayan makarantar gida, gama babu kuɗi, babu kuma hanya a zamanin. Yawancinsu aurensu ya yi ɗaci. Hetty, wadda ta fi su basira, ta yi ciki ba aure. Aka aurar da ita a 1725 ga wani maƙerin dalma mashayi, uban kuwa ya daɗe bai yafe mata ba, 'ya'yanta suka mutu suna ƙanana. Wata ta gudu daga mijinta saboda muguntarsa. Mijin wata, fasto ne ma, ya bi waɗansu mata ya yashe ta. Mary ta mutu wajen haihuwa a 1734, Samuel babban ɗanta a 1739, autarta Keziya a 1741, duka uwar tana da rai. Na faɗi wannan domin uwayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ɗa ko 'ya ta kauce, suna zaune a bayan ɗakin sujada da kunya. Tarbiyya ba ciniki ba ce da za a biya a karɓi kaya.

Mijinta ya mutu a watan Afrilu, 1735, da bashi a kansa. Gidan na ekklesiya ne, dole ta fita. Ta zauna wurin wannan ɗa, ta koma wurin waccan 'ya. A shekaran nan aka nemi John da Charles su haye teku zuwa Jojiya ta Amurka. John ya yi shakka saboda ita, ta ce ko 'ya'ya maza 20 ta ke da su, za ta yi murna su tafi irin wannan aiki, ko da ba za ta ƙara ganinsu ba. A 1739, tana da shekara 70, tana karɓar ƙoƙo a Jibin Ubangiji, ta ce kalmomin da aka faɗa sun soki zuciyarta, ta sani Allah ya gafarta mata zunubanta duka saboda Almasihu. Matar da ta koya wa mutane da yawa, ba ta ji kunyar cewa ta sami sabon abu da tsufa ba.

Kwanakinta na ƙarshe ta yi su a Landan wurin John, cikin wani tsohon gidan zubin igwa da ya saya ya mai da shi wurin sujada. Ta rasu ran 23 ga Yuli, 1742, tana da shekara 73. Roƙonta na ƙarshe ga 'ya'yan da ke kewaye da gadon shi ne, da zarar ta tafi su raira Zabura ta yabo ga Allah. Suka yi haka. Ran 1 ga Agusta aka binne ta a makabartar Bunhill Fields, John ya yi wa'azi bakin kabarin daga Ru'ya ta Yohanna sura 20, gaban taro mai yawa. Cikin littafin da ya ke rubuta al'amuransa na kowace rana, ya kwafe wasiƙunta na taron ɗakin girki da na tarbiyyar yara, ya ce ita ma gwargwadon matsayinta mai wa'azin adalci ce.

A kan dutsen kabarinta na fari aka rubuta sunan ubanta, da waɗansu baitoci na Charles masu nuna kamar shekarunta 70 na fari duk cikin duhu ta yi su. Ba a ambaci makarantar shekara 20 ba, ba a ambaci mutum 200 na ɗakin girki ba. A 1828 aka sa sabon dutse, aka rubuta sunan mijinta, da yawan 'ya'yanta, da sunayen biyu da suka yi suna. A 1778 John ya buɗe babban ɗakin sujadarsa a ƙetaren hanya, daura da makabartar, ya gina gidansa a gefe. Can ya zauna duk lokacin da ya ke Landan, har ya mutu a 1791.